Kundin aikina a kan lamba 4,294,967,297

Litinin, 3 ga Maris

Yau na buɗe sabon littafi, na rubuta lamba guda a saman shafin farko: 4,294,967,297. In da baki za a faɗe ta, biliyan huɗu ce da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Sai da na ja numfashi sau biyu kafin na kai ƙarshenta. Wanda ya ce zai ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya, ɗaya a kowane sakan, ba barci ba hutu, zai kwashe shekara 136 da 'yan kai.

Abin da na sa a gaba shi ne in haɗa mata cikakkiyar takardar shaida: wace iri ce, su wa ke raba ta, wane rukuni take ciki, wane rukuni aka taɓa zaton nata ne alhali ba nata ba. Irin wannan bayani yana nan birjik a intanet, layi bayan layi, kowanne da suna mai kwarjini. Damuwata da shi ita ce ina karantawa ina gyaɗa kai, da na rufe shafin ba abin da ke saura a kaina. Don haka na kafa wa kaina doka ɗaya: ba zan liƙa wa lambar nan wani laƙabi ba sai na tabbatar da shi da fensir da takarda. An yarda kalkuleta ta duba mini ninkawa bayan na gama, amma ba ta yi mini aikin ba.

Asalinta mai sauƙi ne. A jera 2 guda 32 a ninka su, a ƙara 1, wato 2^32 + 1. Ita ce ta shida a cikin danginta: 3, 5, 17, 257, 65,537, sai ita. Kowace daga ta bayanta take fitowa: a cire 1, a ninka abin da ya rage da kansa, a mayar da 1. Na gwada, 65,536 sau 65,536 ya ba ni 4,294,967,296, na ɗora 1.

Yayyenta biyar ɗin duk irin lambobin nan ne da ba mai raba su sai 1 da su kansu. A cikin wannan kundi gagara-raba zan riƙa ce wa irinsu. Pierre de Fermat, lauyan nan na birnin Tulus a Faransa, ya rubuta a wasiƙunsa na 1640 cewa yana da yaƙinin duk dangin haka suke, ko da yake ya amsa cewa bai da cikakkiyar hujja. A kan wannan ta shidan ne zancensa ya karye.

Laraba, 5 ga Maris

Ranar share fage. Mara ce, ba cika ba, da 7 ta ƙare. Jimillar alƙalumanta 59, saboda haka 3 ba ta raba ta, 9 ma haka, saura 5 take bari. A kan 7 saura 5, a kan 11 saura 5, a kan 13 saura 10. Ganin 5 har sau uku ya sa na ɗan tsaya ko akwai wani sirri, sai 13 ta zo ta watsa zancen.

Ba murabba'i ba ce, wato lambar da ake samu in an ninka wata da kanta, tunda taki ɗaya kacal ta wuce 65,536². Ba ta kuma cikin lambobin da ake tarawa 1 + 2 + 3 har zuwa wani wuri, domin da tana ciki, da in an ninka ta sau 8 an ƙara 1 murabba'i zai fito. Abin da ya fito 34,359,738,377 ne, kuma babu murabba'in da ke ƙarewa da 7. Minti ashirin duka-duka.

Wanda ya fi burge ni yau: 3 sau 5, 15. Sau 17, 255. Sau 257, 65,535. Sau 65,537, 4,294,967,295. Wato in an ninka yayyenta duka aka ƙara 2, ita ce ke fitowa. Ma'anarsa kowanne cikinsu ya raba ta saura 2 zai bari, ba wanda zai shige ta daidai. Masanin lissafi Christian Goldbach ya nuna wa takwaransa Leonhard Euler wannan a wasiƙa a 1730, kuma da shi aka san ba wasu biyu a dangin da suka haɗa mai raba su. A gefe guda na samu wani laƙabi kyauta: ba za a iya rubuta ta a matsayin jimillar gagara-raba biyu ba. Tunda mara ce dole ɗayan ya zama 2, ɗayan kuwa 4,294,967,295, wadda yanzun nan na ga 3 da 5 suna raba ta.

Asabar, 8 ga Maris

Na san amsar tun kafin in fara, ba zan yi wa kaina ƙarya ba: 641 ce ke raba ta. Abin da nake so in gane shi ne yadda mutum zai dira a kan 641 ba tare da an raɗa masa ba. Tushen lambar, wato abin da za a ninka da kansa ya ba da ita, ya ɗan haura 65,536, kuma gagara-raba da ke ƙasa da nan sun fi dubu shida. Ba wanda zai zauna ya yi doguwar rabawa dubu shida da lamba mai alƙalami goma ya tashi da hankalinsa.

Na kwana biyu ina juya dabarar kafin ta zauna mini. A ce p gagara-raba ce mai raba lambar tamu. To in aka raba 2^32 da p, ɗaya tak zai rage rabon ya cika, abin da masu lissafi ke rubutawa −1. In aka ninka wannan da kansa, 2^64 zai bar saura 1. Yanzu a ɗauki 2 a yi ta ninkawa biyu-biyu, ana zubar da p duk lokacin da aka haura ta, ana riƙe saura kawai. Dole wata rana a dawo kan 1, kuma yawan takun da aka yi shi ne tsawon zagayen. A nan tsawon zagayen dole ya raba 64. Ba zai zama 32 ko ƙasa da haka ba, domin a taki na 32 kan −1 muke, ba kan 1 ba. Ke nan 64 ne cif. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce tsawon zagaye kullum yana raba p − 1. Saboda haka duk mai raba lambar nan sai ya kasance 64 sau wani abu, da 1 a kai.

Na jera su: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Biyar sun faɗi nan take don su kansu ana raba su (65, 129, 321, 385, 513). Ita 257 'yar gida ce, na riga na san saura 2 take bari. Saura huɗu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙa'idar da na jingina da ita ta Fermat ce shi kansa, kuma a 1640 ɗin dai ya faɗe ta. Da irin wannan dabara ya gano 223 tana raba 2^37 − 1. Makamin yana hannunsa. Ko ya gwada ya yi tuntuɓe a rabawa, ko ganin yayye biyar sun tsaya ya ishe shi, ni dai na fi karkata ga tuntuɓen, don na san yadda alƙalami ke zamewa mutum cikin dare.

Lahadi, 9 ga Maris

Na fara da doguwar rabawa a kan 193: ya shiga sau 22,253,716, saura 109. Ta cinye mini rabin shafi da goge-goge. Daga nan na ga wautata. Ba sai na taɓa babbar lambar ba sam, tunda 65,536 sau kanta ce da 1. In na rage 65,536 tukuna, sai in ninka 'yar saurar da kanta.

A kan 449: 449 sau 146 ya ba da 65,554, ya wuce da 18. 18 sau 18, 324, a ƙara 1, saura 325. Ba ita ba ce. A kan 577: saura 335, na ninka da kanta 112,225, na zubar da 577 sau 194, ya rage 287, da 1, 288. Ita ma ba ita ba.

Sai 641. 641 sau 102 ya ba da 65,382, na cire daga 65,536, saura 154. Na rubuta 154 a sama, 154 a ƙasa, na ja layi: 616, sai 7,700, sai 15,400, jimilla 23,716. A gefen shafin na ninka 641 sau 37: 23,717. Na ajiye fensir ina kallon lambobin biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, tazarar ɗaya tak tsakaninsu. Wannan ɗayan shi ne wanda aka ƙara wa 2^32. Na san haka zai faru, amma gani ya kori ji.

Na yi rabawar: 6,700,417. Na mayar da ninkawa don tabbaci: sau 600, 4,020,250,200. Sau 40, 268,016,680. Sau 1, ita kanta. Jimilla 4,294,967,297.

Euler ya bayyana wannan a 1732 yana birnin Fitasbag na Rasha, yana ɗan shekara 25. Goldbach ne ya tsokano masa zancen Fermat a ƙarshen wata wasiƙa a Disamban 1729. Shekara 92 maganar tana tsaye, rabawa huɗu ta kayar da ita.

Juma'a, 14 ga Maris

Kwana biyar ban taɓa littafin ba. Yau na dawo kan 641 ita kaɗai, don ina ganin ruwa ba ya tsami banza. Tana da fuska biyu. Ta farko, 5 sau 128 da 1, wato 5 × 2^7 + 1. Ta biyu, 625 da 16, wato 5^4 + 2^4. Fuskar farko ta ce 5 × 2^7 daidai yake da −1 a ma'aunin 641, wato in ana zubar da 641 ana riƙe saura. A ninka shi da kansa har guda huɗu, 5^4 × 2^28 ya zama 1. Fuska ta biyu ta ce 5^4 daidai yake da −2^4. A sa wannan a gurbin wancan, −2^32 ya zama 1, wato 2^32 + 1 ya zama sifili. Layi uku, ba rabawa ko ɗaya.

Hujjar tana da kyau, amma ina da ƙorafi a kanta. Sai wanda ya riga ya san 641 ne zai iya kawo ta. Ba ta nuna wa mai nema hanya. Na rubuta ta a shafi na daban, na bar aikin ranar Lahadi a matsayin na gaske.

Asabar, 15 ga Maris

Ita 6,700,417 fa? Ko'ina an rubuta gagara-raba ce, amma dokata ta hana ni kwafa. Tushenta yana tsakanin 2,588 da 2,589, don haka in akwai mai raba ta, akwai wanda bai kai 2,589 ba. Duk mai raba ta kuma yana raba uwar, saboda haka sharaɗin 64 ya hau kansa. Wannan ya bar mini 'yan takara arba'in.

Édouard Lucas ya rage su da rabi a 1878, ya nuna 128 ce ma, ba 64 kawai ba. Na so in karɓa haka nan, sai na tuna doka. Na sha fama kafin na samo lambar da ke buɗe ƙofar: 2^24 − 2^8, wato 16,776,960. In an ninka ta da kanta, 2^48 + 2^16 − 2^33 ke fitowa. Biyun farko 2^16 ne sau lambar tamu, sun tafi. Na ukun −2 ne sau 2^32, shi kuwa 2^32 −1 ne, ya zama 2. Ashe wannan lamba tushen 2 ce a wannan ma'auni. In 2 tana buƙatar taki 64 ta zagayo, tushenta 128 yake buƙata, dole kuma 128 ta raba p − 1. Na duba: 640 shi ne 128 sau 5, 6,700,416 kuma 128 sau 52,347. Da Euler ya riƙe wannan, jerinsa 129, 257, 385, 513, 641 ne kawai, kuma 641 ce ta farko da ta cancanci a gwada.

'Yan takara ashirin suka rage, daga 129 zuwa 2,561. Na tace su na fitar da bakwai a matsayin gagara-raba: 257, 641, 769, 1,153, 1,409, 1,537, 1,921. Ƙanwata, wadda ta karɓi aikin duba mini lissafi ba tare da na roƙe ta ba, ta ɗauki takardar ta yi shiru na ɗan lokaci.

"Yaya, wannan 1,921 ɗin ai 17 sau 113 ce."

Na ninka. Haka ne.

"Ita ma 1,537 ban yarda da ita ba. Ka gwada 29?"

Ban gwada ba, a 23 na tsaya don gajiya. 29 sau 53. Kuskuren ba zai ɓata sakamako ba, rabawa biyu kawai zai ƙara mini na banza, amma da a ɗaya gefen na yi shi, na jefar da ta gaske, da hujjar duka ta zube ban sani ba. Na sake bin sauran goma sha ukun da na watsar, kowace na rubuta mai raba ta a gabanta: 897 ta 3 ce, 1,793 ta 11, 2,177 ta 7, 2,561 ta 13, har ƙarshe.

An cire 257, saura rabawa huɗu. A kan 641 saura 44, a kan 769 saura 120, a kan 1,153 saura 334, a kan 1,409 saura 622. Ba wadda ta shige. 6,700,417 gagara-raba ce, yanzu da bakina nake faɗa.

Lahadi, 16 ga Maris

Da aka san iyayen biyu, laƙabai suka riƙa zubowa kamar an kwance bakin buhu. Masu raba ta huɗu ne: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Tana cikin rukunin lambobin da gagara-raba biyu kacal suka haifa, kuma ba murabba'in da ke raba ta. Jimillar masu raba ta 4,301,668,356. In an cire ita kanta saura 6,701,059, wanda bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari shida nata ba, don haka tana cikin gajiyayyu, nesa ƙwarai da kammalallu irin 6 da 28 waɗanda masu raba su ke haɗuwa su ba da su daidai. Lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa mai rabawa da ita ba, 640 sau 6,700,416 ne, wato 4,288,266,240.

Duka wannan bai kai awa ɗaya ba, kuma shi ne mafi yawan abin da ake cika shafuka da shi. Ba laifi, amma ba wanda ya gaya mini sabon abu a cikinsu. Duk jikokin rabawar ranar 9 ga wata ne.

Lahadi, 23 ga Maris

Yau na karya dokata, gara in rubuta.

Na so in gane dalilin da lambar ke yi wa mutane kama da gagara-raba. Gwajin da aka saba yi shi ne a ɗauki 2, a ɗaga ta zuwa lambar ban da 1, a duba saura. Gagara-raba kullum 1 take bayarwa. Tamu fa? Zagayen 2 taki 64 ne, kuma 2^32 ninkin 64 ne, don haka 1 take bayarwa ita ma, ba tare da ko gezau ba. Ta ci jarrabawar da ba ajinta ba. Sunan rukunin nan gagara-rabar bogi a ma'aunin 2, kuma duk 'yan dangin Fermat da suka rabu haka suke. Kama da wane ba ta wane.

Wanda ke tona mata asiri shi ne 3. Gwajin Pépin na 1877, a yadda ake yin sa yanzu, ya ce a fara da 3, a yi ta ninka abin da aka samu da kansa ana riƙe saura, sau 31 a wannan lamba. In aka ƙare a −1 gagara-raba ce, in ba haka ba an raba ta. Na fara da ƙarfina: 9, 81, 6,561, 43,046,721. Na biyar ya ba da 1,853,020,188,851,841, alƙalami goma sha shida. Na raba, ya shiga sau 431,439, saura 3,793,201,458. Wannan taki ɗaya ya ci mini kusan awa guda, ga 26 suna jira, kowanne alƙalami goma sau alƙalami goma. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Na buɗe kwamfuta.

Nan ma sai da na sha kunya. Na rubuta ɗan gajeren shiri, na zuba lambar a ma'ajin da ke ɗaukar bit 32, wato gurbi 32 na 0 ko 1, na ce ya nuna mini ita kafin a fara. Ya nuna 1. Na sake, ya sake nuna 1. Na daɗe ina neman kuskure a rubutuna kafin na farga: ma'aji mai bit 32 daga 0 zuwa 4,294,967,295 yake iya riƙewa, da an ƙara ɗaya ya koma sifili, da an ƙara biyu ya koma 1. Lambar tamu bit 33 take buƙata. A rubutun kwamfuta 1 ce, sai sifili 31, sai 1, ta gaba da ta baya duk ɗaya. A ma'aunin 16 ma haka, 100000001. Wannan iyaka ita ce dai ta sa adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, ya tsaya a 4,294,967,296.

Da na faɗaɗa ma'ajin, taki na biyar ya dace da nawa na hannu, abin da ya ɗan sanyaya mini rai. Na 31 ya ƙare a 10,324,303, ba −1 ba. Na sa masa alama da jan biro: wannan na'ura ce ta faɗa. Abin lura, gwajin ya ce an raba ta amma bai ambaci 641 ba, bai ma san da ita ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Wannan shi ne shafin da na fi so zuwa yanzu. Lambar jimillar murabba'i biyu ce, kowa ya gani: 65,536² + 1². Gagara-raba da ke barin saura 1 a kan 4 hanya ɗaya tak take da ita ta zama haka. Wadda aka samu da hanya biyu, ta tona kanta. Tunda tamu iyaye biyu gare ta, dukansu masu barin saura 1 a kan 4, dole akwai hanya ta biyu. Na shiga nema.

641 dai 25² + 4² ce. Ta 6,700,417 ce ban sani ba, sai na bi ta baya. Na ninka 65,536 sau 25 na cire 4, ya ba da 1,638,396, na raba da 641, ya shige daidai, 2,556. Na ninka 65,536 sau 4 na ƙara 25, 262,169, na raba da 641, 409. Gwaji: 2,556² shi ne 6,533,136, 409² kuma 167,281. Jimilla 6,700,417.

Daga nan sai tsohuwar ƙa'idar da ake dangantawa da Brahmagupta, masanin Indiya na ƙarni na 7, wadda ke haɗa jimilla biyu irin wannan ta fuska biyu. 25 sau 2,556, 63,900. 4 sau 409, 1,636. 25 sau 409, 10,225. 4 sau 2,556, 10,224. In na tara biyun farko na debe biyun ƙarshe, 65,536 da 1 suke dawowa. In na juya, na debe na farko na tara na ƙarshe, 62,264 da 20,449. Na ninka kowanne da kansa da hannu: 3,876,805,696 da 418,161,601. Na tara daga dama, alƙalami bayan alƙalami, 7, 9, 2, har 4,294,967,297 ta cika. Ita 20,449 kuma 143² ce, ban san ko hakan na da wata ma'ana ba, na dai rubuta a gefe.

Na kuma gwada ta a matsayin bambancin murabba'i biyu: 3,350,529² − 3,349,888². Fermat yana da dabarar raba lamba ta wannan hanya, ana farawa daga tushe ana hawa ɗaya-ɗaya. Da ita ya bi, daga 65,537 zai tashi, sai ya yi taki sama da miliyan uku kafin ya iso. Dabarar tana son iyayen da ke kusa da juna, waɗannan kuwa ɗaya ya ninka ɗaya fiye da sau dubu goma.

Laraba, 2 ga Afrilu

Gajeren shafi a kan maƙwabta. A 1796 Carl Friedrich Gauss, yana ɗan shekara 18, ya gano ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai-wa-daida da rula da kamfas kawai. Ya fitar da sharaɗin a littafinsa na 1801, Pierre Wantzel ya kammala ɗaya ɓangaren hujjar a 1837: yawan gefen sai ya zama 2 da aka yi ta ninkawa da kanta zalla (4, 8, 16...), ko gagara-raba na dangin Fermat mabambanta da aka ninka, ko haɗin biyun. Richelot ya yi mai gefe 257 a 1832. Hermes ya ba da kusan shekara goma a kan mai gefe 65,537, rubutunsa yana ajiye a jami'ar Gotingen a Jamus.

Tamu ba ta shiga, domin 641 ba 'yar dangi ba ce. Amma ta bayanta da taki biyu, 4,294,967,295, ta shiga, kuma ita ce mara mafi girma da aka sani tana da wannan hali. Ta tsakiyarsu, 2^32, ita ma ta shiga. Gida uku a jere, biyu an buɗe musu, ta ukun da aka fi sa wa rai ta tsaya a waje. Wannan hujja ban bi ta da kaina ba, ta fi ƙarfin littafin nan, ita ma jan biro ta samu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na ƙirga shafuka: laƙabi goma sha biyu da baƙin fensir, biyu da jan biro. Yau na ƙara na uku da ja: gagara-raba mafi kusa da ita ta ƙasa 4,294,967,291 ce, ta sama kuma 4,294,967,311, shida a baya, goma sha huɗu a gaba. Waɗannan ba su da sharaɗin 128 da zai rage mini aiki, ba yadda zan yi da su da hannu.

Na leƙa ƙannenta don in san inda zan nufa. Ta bakwai a jeri, 2^64 + 1, ita ce 274,177 sau 67,280,421,310,721, Landry ya raba ta a 1880. Mai bi mata sai 1970 Morrison da Brillhart suka fasa ta da kwamfuta, ta gaba kuma Brent da Pollard a 1980. Daga tamu har zuwa mai lamba 32 a lissafin da ke farawa da sifili, duk an tabbatar ana raba su, wasu ma ba a san mai raba su ba, gwajin Pépin ne kawai ya yanke hukunci. Bayan 65,537 ba a sake samun gagara-raba ko ɗaya a dangin ba.

A kan 2^64 + 1 sharaɗin zai zama 256 sau wani abu da 1. Na raba 274,176 da 256, ya ba da 1,071. Ke nan 'yan takara 1,071 ne kafin a iso, a tace waɗanda ake rabawa, kowace da ta tsira a yi mata ninkawa biyu daga 65,536. Na gaya wa ƙanwata. Ta ce in dai ita za ta riƙa tacewa ta yarda, amma in sayo littafi mai kauri, kuma in daina tsayawa a 23.

Na ja layi a sabon shafi, na rubuta 257, 513, 769, 1,025. An soke ta farko don 'yar gida ce, ta biyu ta 3 ce, ta huɗu ta 5. Gobe da 769 zan fara.